Karramawa Shaida Ce: Darasin 'Yandoto Da Na Jami'ar Notre Dame

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba halartar walimar saukar Alƙur'ani a Gusau, ko Bunguɗu, ko nan Karakkai, ya san yadda taron yake ƙarewa. Idan yara sun gama karatu an raba musu shahada, sai mai gabatarwa ya gyara murya ya kira babban baƙo na musamman. A miƙa masa lambar yabo mai ɗauke da sunan makaranta, wani lokaci har da laƙabi irin su Garkuwan Alƙur'ani ko Hadimin Musulunci, a yi kabbara, a ɗauki hoto. Kafin magariba hoton ya zaga Facebook da WhatsApp, idan kakar zaɓe ta zo kuma mu gan shi a jikin fosta. Ba kasafai muke tsayawa mu tambayi kanmu ba: me makarantar ta faɗa wa waɗannan yara game da wannan mutum a lokacin da ta miƙa masa lambar? Matsayinmu a wannan shafi shi ne karramawa shaida ce, kuma duk gidan da aka gina da sunan addini za a tambaye shi a kan shaidar da ya bayar.

Mu mutanen Zamfara ba sai mun je nesa ba kafin mu fahimci wannan. Ranar Asabar, 16 ga Yulin 2022, a 'Yandoton Daji da ke ƙaramar hukumar Tsafe, garin da tarihi ya sani da malamai tun kafin jihadi, Sarkin 'Yandoto Alhaji Aliyu Marafa ya naɗa wa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani. Wannan mutum kuwa tun a 2020 'yan sandan Jihar Katsina suka bayyana shi a matsayin wanda suke nema ruwa a jallo, suka sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi, bayan harin Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari, inda aka kashe gomman bayin Allah. Labarin naɗin ya girgiza ƙasa. Gwamna Bello Matawalle ya dakatar da sarkin tare da kafa kwamitin bincike, sai a shekarar da ta biyo baya aka mayar da shi kan karagarsa.

Adalci ne mu kawo hujjar masarautar kamar yadda ta kawo ta. Cewa ta yi naɗin hanyar sulhu ce, domin manoma su samu su koma gonakinsu a tsakiyar damina, a daina kai wa ƙauyuka hari. Wanda bai taɓa kwana a daji da iyalinsa don tsoron masu bindiga ba bai kamata ya raina wannan hujja ba. Amma idan muka duba da kyau za mu ga cewa zama da Ado Aleru bai taɓa tayar da ƙura irin wannan ba. A 2019 gwamnatin jihar ta wancan lokaci ta fara zaman sulhu da jagororin 'yan bindiga a bainar jama'a; wasu sun yarda da tsarin, wasu sun soke shi, aka ci gaba da muhawara. Rawanin ne ya fusata mutane. Matar da aka kashe mata miji tana iya haƙura ta ga an zauna da wanda ake zargi da kashe shi idan hakan zai tsare ran 'ya'yanta. Amma ganin an naɗa masa rawani ana busa da kiɗa ya faɗa mata wani abu daban: cewa wannan mutum ya shiga sahun waɗanda al'umma ke alfahari da su. Yaron da ya ga hoton ma ya karɓi saƙon, ya gane ta wace hanya ake samun girma.

Irin wannan gardama ta taɓa faruwa a wani gidan addini da ke nesa da mu, kuma yadda suka yi ta yana da amfani gare mu. Kafin mu kawo ta, wajibi ne mu bayyana cewa ba muna daidaita mutanen biyu ba ne. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ake tuhuma da zubar da jini da hannunsa da zaɓaɓɓen shugaban da ake saɓani da shi a kan doka. Abin da ya haɗa labaran biyu tambaya ce guda: shin hukuma mai daraja tana iya karrama mutum sannan ta ce karramawar ba ta nufin yarda da shi?

Jami'ar Notre Dame da ke Jihar Indiyana a Amurka tana cikin fitattun jami'o'in ɗariƙar Katolika a duniya. Wani limamin coci Bafaranshe, Edward Sorin, shi ya kafa ta a 1842. A watan Maris na 2009 ta sanar cewa sabon shugaban ƙasa Barack Obama zai yi jawabin bikin yaye ɗalibai, kuma za a ba shi digirin girmamawa na dakta a fannin shari'a. Cocin Katolika yana ɗaukar zubar da ciki a matsayin kisan rai tun daga shigar ciki. Obama kuwa sananne ne wajen goyon bayan dokar da ta ba mace damar zubar da ciki, kuma kwana uku bayan rantsar da shi ya soke dokar da ta hana ba da tallafin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje masu yin aikin zubar da ciki ko ba da shawara a kansa. Tun a 2004 kuma majalisar bishop-bishop na Amurka ta fitar da matsaya cewa kada cibiyoyin Katolika su ba da lambar yabo ko girmamawa ko dandamalin da zai nuna goyon baya ga masu saɓa wa ginshiƙan tarbiyyar cocin.

Nan fa aka ja daga. Bishop fiye da 70 suka fito suka soki jami'ar. Bishop John D'Arcy, wanda jami'ar ke cikin yankinsa, ya ƙaurace wa bikin. Mutane fiye da 300,000 suka sa hannu a takardar koke. Shugaban jami'ar, Fada John Jenkins, ya tsaya kan bakansa. Hujjarsa ita ce gayyatar shugabannin ƙasa tsohuwar al'adar jami'ar ce, domin Eisenhower da Carter da Reagan da Bush uba da ɗa duk sun yi jawabi a wurin, kuma girmama Obama girmama jagorancinsa ne da tarihin da ya kafa na zama baƙar fata na farko a wannan kujera, ba amincewa da ra'ayinsa kan zubar da ciki ba. Ya ƙara da cewa ta hanyar zama tare ne ake buɗe ƙofar tattaunawa. Ranar 17 ga Mayu aka yi bikin. Mafi yawan ɗalibai sun tarbi shugaban da tafi, wasu suka ware suka yi addu'arsu a wani sashe na harabar, 'yan sanda kuma suka kama masu zanga-zanga da dama. Obama bai kauce wa maganar ba a jawabinsa. Ya amince cewa ra'ayoyin ɓangarorin biyu ba masu haɗuwa ba ne, ya nemi a yi saɓani da ladabi, a haɗa hannu wajen rage yawan matan da ke neman zubar da ciki.

A cikin duk waɗanda suka yi magana, matsayin wata mata ne ya fi jan hankalinmu. Mary Ann Glendon, farfesar shari'a a Jami'ar Harvard kuma tsohuwar jakadiyar Amurka a fadar Fafaroma, ita aka zaɓa ta karɓi babbar lambar yabon jami'ar a wannan biki. A ƙarshen watan Afrilu ta rubuta wasiƙa ta ce ba za ta karɓa ba. Ta bayyana cewa matsayar bishop-bishop ba ta hana jami'a gayyatar kowa don muhawara ba, girmamawa kaɗai ta hana. Ta kuma lura cewa ana amfani da sunanta a matsayin maganin suka, ana cewa ai ga ta nan za ta daidaita ma'auni, alhali ranar murnar ɗalibai da iyayensu da ɗan gajeren jawabin godiya ba su ne muhallin warware irin wannan babbar mas'ala ba. Wannan ya yi kama da abin da muke gani a nan, inda ake gayyato malami mai tsoron Allah a zaunar da shi kusa da wanda za a karrama, domin kasancewarsa ta rufe bakin masu tambaya.

Ga ɗalibanmu, yana da kyau su san inda muka tsaya a kan asalin mas'alar. Malamanmu sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan an busa rai, wato bayan kwana 120 bisa hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, sai fa idan barin cikin zai halaka uwa. Kafin wannan wa'adi akwai saɓani: wasu daga Hanafawa da Shafi'awa sun yi sauƙi idan akwai uzuri, amma abin dogaro a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne haramci tun daga lokacin da ciki ya zauna a mahaifa, ko da bai kai kwana 40 ba. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta halatta shi kafin kwana 120 idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani. Dokar finalkod ta Arewa ma, a sashe na 232, ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa. Ke nan matsayinmu bai zama ɗaya da na Katolika a kowane reshe ba, amma mun yi tarayya da su a tushe, kamar yadda aka gani a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, inda fadar Fafaroma da ƙasashen Musulmi da dama suka tsaya a gefe guda. Tushen kuwa shi ne kare rai, ɗaya daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare. Ran ɗan tayi a cikin mahaifa da ran manomi a gonarsa a Tsafe duk ƙarƙashin wannan ƙa'ida suke.

Bambancin da wannan farfesa ta yi tsakanin tattaunawa da karramawa ba baƙo ba ne a addininmu. Allah Maɗaukaki ya aiki Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata gare su, zuwa ga Fir'auna, ya umarce su da su yi masa magana mai taushi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina ya tattauna da su, ya rubuta wa sarakunan Rum da Farisa da Masar wasiƙu, ya ƙulla sulhun Hudaibiyya da waɗanda suka yaƙe shi. Ƙofar magana a buɗe take ga kowa. Amma shi ne dai ya hana a kira munafuki da laƙabin shugaba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, ya kuma yi kakkausan gargaɗi ga masu sana'ar yabo, kamar yadda ya zo a hadisin Miƙdad a Sahihu Muslim. Dalilin a fili yake. Idan ka yi magana da mutum, shi kake nufi da saƙonka. Idan ka karrama shi kuwa, jama'a kake wa magana, kana ce musu ga abin koyi. Shi ya sa mai karramawa ba shi da ikon ƙayyade ma'anarta da bayanin da zai yi daga baya. Bayanin Fada Jenkins ya wuce, hoton Obama cikin rigar jami'ar ya saura. Bayanin fadar 'Yandoto ma ya wuce, hoton rawanin ya saura.

A tarihin ƙasar nan muna da misali mafi kusa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, bai ƙaurace wa Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ba. Da sarkin ya tara malamai a Magami a lokacin babbar salla, wajajen 1788, Shehu ya halarta. Da aka miƙa masa kyautar zinari sai ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ya je fada, ya yi magana da ladabi, ya samo wa jama'a abin da suke buƙata, ya fito ba a saye shi ba, shi ma bai sayar da shaidarsa ba.

Mun san abin da za a ce mana, domin mu ma muna cikin kwamitocin masallatai da makarantu. Za a ce makarantun Islamiyya ba su da kasafi, malamai na shafe watanni ba alawus, rufin aji yana yoyo, kuma wanda ke da halin gyarawa ɗan siyasa ne, shi kuwa ba ya zuwa sai da lamba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma a nan ma akwai bambanci. Wanda ya gina aji a gode masa a kan ajin, a ambaci abin da ya yi da sunansa, a yi masa addu'a, domin godiya ga mutane ɓangare ce ta godiya ga Allah. Laƙabin Garkuwan Alƙur'ani kuwa hukunci ne a kan rayuwar mutum gaba ɗaya, kuma buhun siminti ɗari ba ya sayen irin wannan hukunci. Idan an san mutum da danne albashin ma'aikata, ko sayen ƙuri'a, ko raba wa matasa ƙwaya lokacin kamfe, ko hannu a cinikin makamai, sannan makarantar Alƙur'ani ta kira shi garkuwarta, to ta rushe da rana guda abin da ta shekara tana koyarwa a darasin hadisi.

Za a kuma ce mai mulki yana da haƙƙin girmamawa saboda kujerarsa. Haka ne. A tarbe shi, a ba shi mazaunin da ya dace, a kira shi da muƙaminsa, a yi masa biyayya cikin abin da ba saɓo ba, a yi masa nasiha. Duk wannan haƙƙin kujera ne. Lambar yabo kuwa ba ta cikin haƙƙoƙin kujera. Hatta jami'o'in boko sun gane haka: a 2012 shugabannin jami'o'in Najeriya suka fitar da matsayar da aka sani da sanarwar Keffi, wadda ta hana ba da digirin girmamawa ga wanda ke kan muƙamin gwamnati, duk da cewa ba kowace jami'a ce ta kiyaye ba. Idan masu ilimin zamani sun ga haɗarin karrama mutum alhali alƙalamin kwangila na hannunsa, gidajen da ke ɗauke da sunan Alƙur'ani sun fi cancantar ganinsa.

Akwai wani darasi daga rikicin Amurka da bai kamata mu tsallake ba, domin ya shafi masu sukar ne. An tambaye su: ina kuke a 2001 lokacin da jami'ar ta karrama George Bush ƙarami, wanda aka zartar da hukuncin kisa a kan mutum fiye da 150 a zamanin gwamnansa a Texas, alhali Fafaroma na wancan lokaci yana adawa da yawaita wannan hukunci? Sun amsa cewa mas'alolin biyu ba matsayinsu ɗaya ba a koyarwar cocin, amma zargin cewa ƙa'idar tana farkawa ne idan ɗan wata jam'iyya ya zo bai gushe ba. A 2016, da jami'ar ta ba Joe Biden da John Boehner lambar yabonta tare, ɗaya daga kowace jam'iyya, gardamar ta sake tashi. Mu ma wannan cuta tana tare da mu. Sau nawa muka ji malami ya yi tir da karrama wani gwamna a kan mumbari, bayan shekara biyu kuma muka gan shi yana miƙa lamba ga wanda ya gaje shi, ba tare da halin ya canja ba? Ƙa'idar da ke aiki a kan jam'iyya ɗaya kawai ta tashi daga ƙa'ida ta koma kamfe, kuma yara suna gane haka fiye da yadda muke zato.

Saboda haka muna ba kwamitocin masallatai, da shugabannin makarantun Islamiyya, da masu shirya musabaƙa, da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi a Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauran manyan makarantunmu shawara kamar haka. Kowace cibiya ta rubuta ƙa'idarta ta karramawa tun kafin a san wanda zai zo, domin ƙa'idar da aka rubuta bayan an ga fuskar baƙo ba ta da ƙarfi. Kada a ba wanda ke kan kujera ko ɗan takara laƙabin addini. A jira ya sauka, a ga abin da ya bari. Idan ana son jin ta bakin mai mulki, a shirya masa zama na musamman inda ɗalibai da iyaye za su yi masa tambaya a kan tsaro da asibiti da makaranta, a ware wannan daga ranar walima, wadda ta yara ce da iyayensu. Sannan a waiwayi waɗanda suka cancanci lambar tun asali: malamin allon da ya shekara 30 yana karantarwa a zaure ba albashi, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauye, da uwar da ta riƙe marayun da 'yan bindiga suka bari ta kai su har sauka.

Ku kuma iyaye, kuna da ta cewa, domin kuɗinku da 'ya'yanku ne ke riƙe da waɗannan makarantu. Idan takardar gayyata ta zo, ku duba sunan wanda za a karrama, ku tambayi shugaban makaranta dalili cikin ladabi. Ku kuma malamai da ake gayyata don a ƙawata teburi, ku tuna cewa zamanku a wurin sa hannu ne, kuma uzuri cikin mutunci ya fi jawabin da za ku yi nadamarsa.

Allah ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya shiryar da shugabanninmu, ya tsare harsunanmu da hannayenmu daga shaidar zur. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.